Ranar da Surukina Ya Zo Jin Lasifika

Ko me zan manta a duniyar nan, ba zan taɓa mantawa da ranar da sojoji suka miƙa wa farar hula mulki ba. Ba don siyasa ba, ni da ko ƙuri'a sai da aka matsa mini na je na jefa. Ranar ta zauna mini a rai ne saboda a ranar surukina, Alhaji Sada, ya fara taka gidana, kuma a ranar na gane mutum zai iya jiƙewa sharkaf da gumi yana zaune a ƙarƙashin fanka.

Bari in fara da ciwona. Wani tattabaru ne ciwonsa, wani babur, ni kuwa lasifika, tsofaffin nan na katako da ake ajiyewa a ɗaki a saurari kaset ko rediyo. A sakatariya nake aiki, amma duk Ƙofar Kwaya da saye da sayar da lasifika aka san ni. In sayo yau, in saurara kwana biyu, in ji wani abu bai kwanta mini ba, in ɗauka in kai a canzo mini wata. Matata Sa'a takan ce da ana kwantar da kunne a asibiti, da tuni ta kai nawa.

Alhaji Sada ya san da wannan ciwon nawa, don shi ma ya taɓa yin irinsa. Da aka kawo Sa'a, sai ga wata akori-kura ta biyo bayan kayan ɗaki da lasifikoki biyu, tsayinsu ya kai ƙuguna, ko wacce sai ƙarti biyu sun kama. Tun yana aiki a Kaduna ya saye su daga hannun wani Bature malamin makaranta da zai koma ƙasarsu. Saƙon da ya haɗo su da shi gajere ne: in riƙe su da kyau.

Kuma sautinsu, wayyo! Ba hayaniya, ba kwakwazo, murya ce mai taushi kamar dattijo na yi maka nasiha. Abokaina har layi suke yi su zo ji. Da na bar su yadda suke, da yau ba ni da labarin da zan ba ku. Amma wata rana ƙaiƙayin hannu ya sa na cire ƙyallen da ya rufe fuskar ɗaya, sai na ga ƙwaryar takardar nan da ke ba da sauti tana da faci. Wani ɗan farin ƙyalle ne, bai fi kan yatsa ba, an manna shi da ƙaro. Daga ranar ban sake jin waƙa ba, facin nan kawai nake ji. (Tsakanina da Allah sautin bai canza ba. Idona ne ya shiga aikin kunnena.)

Na kai kukana wurin Lawal mai gyaran rediyo, wanda duk cinikina ta hannunsa yake bi. Ya ce ai abu ne mai sauƙi, akwai sababbin kayan ciki 'yan Japan a Kano, in ya saka mini su sai na ji ganga a ƙirjina. In ba shi tsofaffin, in ɗan cika wani abu, shi ke nan. Ban ko yi shawara da kowa ba na kwance kayan cikin duka biyun, takarda da maganaɗisu da wayoyi, na kai masa. Na mayar da ƙyallen fuska, akwatunan suka tsaya a ɗakin baƙi da kwarjininsu, ba mai cewa fanko ne.

Sai Lawal ya fara yi mini gobe da jibi. Yau mai kayan ya yi tafiya, gobe mota ta lalace a hanya. Ina cikin wannan zirga-zirgar ne Sa'a ta dawo daga gidansu a Ƙofar Durɓi, tana cire mayafi ta ce, “Baba ya ce in gaya maka yana nan tahe ranar Asabar.”

Na ce, “Tahe ina?”

“Nan gidan mana. Shi da Malam Iro. Ya ce cikin lasifikokin nan ya ji wancan miƙa mulkin na farko, ina rarrafe, kuma cikinsu yake son ya ji wanga.”

Kun san dattijon Katsina ba ya zuwa gidan 'yarsa haka kawai. Tun da aka ɗaura aurenmu ko ƙofar gidan bai taɓa tsayawa ba, ni ke zuwa in durƙusa in gaishe shi, kaina a ƙasa. Yanzu ga shi zai tako da ƙafarsa, da amininsa tsohon hedimasta, don ya ji muryar kayan da ya ba ni amana, ni kuwa na farke cikinsu na sayar.

Na hau babur na garzaya wurin Lawal, na ce ya ba ni tsofaffina, na fasa. Ya sosa ƙeya ya ce ai an saya. Wa ya saya? Ya ce wani ne mai son irinsu, ya hau 'yan kame-kame. Na zaga duk masu tsofaffin kaya da na sani a garin nan. Wanda na samu ko ya yi wa ramin akwatin kaɗan, ko ya ƙi shiga. Na dawo gida ido ya raina fata.

Sa'a ta ce, “Ka tahi ka gaya mashi gaskiya mana. Baba ba ya cin mutane.”

Na ce, “Da wane bakin? Ni da ko ruwa ban iya sha gabanshi?”

“To ni dai ba ruwana.”

Tana faɗin haka idona ya sauka kan ɗan rediyonta mai batir, wanda take ajiyewa a bakin murhu tana jin gaishe-gaishe. Ja ne, mariƙinsa ya karye an ɗaure da waya. Wata dabara ta faɗo mini, kuma a lokacin har yaba wa kaina na yi. (Ku kiyayi dabarar da ta zo wa mutum yana cikin tsoro.) Na sayo sababbin batura, na kamo tashar gari, na shimfiɗa matashin kai a cikin akwatin dama, na ɗora rediyon a kai, na mayar da ƙyallen fuska. Abin mamaki, katakon ya ɗan ƙara wa muryar kauri. Idan mutum bai matsa kusa ba, kuma yana da mura, zai iya cewa lasifika ce.

Safiyar Asabar na share ɗakin baƙi, na shimfiɗa darduma, na kunna amfilifaya, na'urar da ke tura wa lasifikokin sauti, don fitilunta su riƙa haske a ga alamar aiki. Ina jin tsayuwar mota na kunna ɗan rediyon, na rufe, na fita ba takalmi. Na durƙusa muka gaisa, gaisuwar nan mai tsawo, gajiya da iyali da zafi da labarin ruwa, ni kuwa rabin hankalina na wurin batir, ina jin kamar ko wace “lafiya lau” tana shanye shi.

Suka zauna. Alhaji ya daɗe yana kallon akwatunan, sannan ya kai hannu ya shafa saman ɗaya, ya ce, “Ka riƙe su da kyau, Malam. Ko ƙura babu.”

Na ce, “Allah shi ƙara maka lafiya, Baba.”

Aka fara shiri, mai sharhi na ta lissafa manyan baƙi. Na rakuɓe a bakin ƙofa, ina addu'ar kada kowa ya ce komai. Malam Iro kuwa tsohon malami ne, ba a halicce shi don shiru ba. Ya karkata kai, ya kara hannu a kunne, ya ce, “Wai ita wagga ta hagun azumi take? Ban ji ta ce uffan ba.”

Na ce, “Ai Malam, shirin na nesa ne, ta gefe guda suke aiko shi.”

Ya ce, “Ikon Allah.” Alhaji dai carbinsa kawai yake ja.

Can sai Alhaji ya ce in ɗan ƙara murya. Na rarrafa gaban amfilifaya na murɗa maɓallin a hankali. Ba abin da ya ƙaru, to me zai ƙaru? Na sake murɗawa har ƙarshe, na yi tari, na ce ai tsofaffin kaya sai sun ɗauki zafi. Sannan na kama akwatin na jawo shi kusa da su, da hannu ɗaya. Akwatin da sai ƙarti biyu! Sai da na dire shi na tuna, na yi sauri na dafe baya ina nishi, wai na sha nauyi. Na saci kallon Alhaji, ya sunkuyar da kai, ban san ko murmushi yake ba ko tasbihi.

Duk da haka abin ya tafi. Aka zo wurin rantsuwar sabon shugaban ƙasa, dattawan biyu suka gyara zama, Malam Iro ya ɗaga yatsa alamar a yi tsit. Har na fara cewa a raina, da an gama zan yi sadaka, kuma ni da taɓa cikin lasifika har abada.

Sai aka ɗauke wuta.

Duk shirin da na yi, na yi tunanin batir, na yi tunanin tasha, har tunanin ɓera na yi, amma ban tuna da abin da ke faruwa kullum a unguwarmu ba. Fitilun amfilifaya suka mutu. Fanka ta yi ta rage gudu har ta tsaya. Daga maƙwabta masu kallon talabijin aka ɗauki salati da tsaki. Ita kuwa lasifikata ko gezau, tana ta zuba rantsuwa tiryan-tiryan, a cikin ɗakin da ya yi shirun da ban taɓa jin irinsa ba.

Malam Iro ya kalli fanka, ya kalli amfilifaya, ya kalli akwatin, ya kalle ni. Ya ce, “Alhaji, ashe kayan nan naka waliyyai ne? An ɗauke wa gari wuta, su ba a ɗauke masu ba.”

Na buɗe baki in ce wani abu, wallahi har na fara haɗa wata ƙarya kan wutar da ke saura a cikin waya, sai na ga ko yaro ba zai yarda da ita ba. Gumi ya karyo mini tun daga tsakar kai. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Alhaji ya ce, “Bari a gama.” Haka muka zauna har aka kammala rantsuwar, aka buga taken ƙasa, ni ina durƙushe kamar mai jiran hukunci. Sannan ya nuna akwatin da sandarsa, ya ce mini, “Buɗe mu gani, Malam.”

Da hannuna na cire ƙyallen. Ga rami wangame, ga matashin kai, ga ɗan jan rediyo ya hakimce a kai yana ta sharhi. Malam Iro ya toshe baki da hannun riga, kafaɗunsa na rawa. Ta bayan labule na jiyo ƙarar tire, Sa'a ce ta kawo fura ta juya da gudu.

Alhaji ya leƙa ya ce, “Wanga ai rediyon Sa'a ne. Ni na sayo mata shi.” Ya ɗago ya dube ni. “Kayan cikin kau suna ɗakina tun wancan mako. Lawal ya kawo mani, ya ce ya samo irin waɗanda nake so. Ina ganin facin na gane abina. Ka ga ke nan sau biyu na saye su.”

Na ce, “Baba, a yi mani aikin gafara. Facin ne na ga ya...”

“Facin.” Ya gyaɗa kai. “Ranar wancan miƙa mulkin, muna zaune ni da Malam Iro muna saurare, Sa'a ta rarrafo ta soka yatsa ta huda wurin. Na yanki bakin rawanina na manne shi. Shi ya sa da na ba ka ita, na haɗa maka da su.”

Bai ɗaga murya ba, bai ɓata fuska ba, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ashe duk safiyar nan yana zaune ya san akwatunan fanko ne, yana kallona ina murɗa maɓalli ina nishin ƙarya, yana jira ya ga ko zan buɗe baki in faɗa. Da zai shiga mota ya juyo ya ce, “Gobe ka zo ka ɗauki kayanka. Ka mayar wa ɗiyata rediyonta.”

Na je na ɗauko, na mayar da su mazauninsu da hannuna. 'Yan Japan ɗin Lawal har yau suna hanya. Malam Iro kuwa bai iya riƙe labari ba, don haka shekara da shekaru, da an ɗauke wuta a Ƙofar Kwaya sai ka ji wani ya ɗaga murya daga majalisa ya ce a tafi gidana, can ba a ɗaukewa.

Har yanzu ina saye ina sayarwa, ciwo ba ya barin mutum gaba ɗaya. Amma na koyi abu biyu. In zan sayi lasifika, sai na ɗaga ta na ji nauyinta, sannan in zare wayar wuta in ga ko za ta yi shiru. In kuma na ga faci a jikin abin da aka ba ni, nakan tambayi wanda ya yi facin kafin in nemo sukurdireba. Waɗancan biyun suna nan a ɗakin baƙi, kuma duk wanda ya taya su nakan ce masa ba nawa ba ne, na Sa'a ne, ita ta sa masu hannu.