Ranar Da Na Ɗanɗana Jirgin Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da zan manta sunayen jikokina, da Asabar ɗin da surukina Abdulkarim ya ɗauke ni duba jirgin ruwa.

Ni na jawo wa kaina. Na fi shekara talatin a unguwar Misfala da ke Makka, kuma duk wanda ya taɓa shan shayi a ƙofar shagona ya sha labarin teku tare da shi. Na tsallaka Tafkin Cadi a kwale-kwale, na yi wata takwas ina dako a jiragen katako na Bur Sudan, na ga tashar Marsai, na ga ta Istanbul. (Ta Marsai daga tagar bas na gan ta, amma wannan ba na faɗa.) To da Abdulkarim, mijin 'yata Hadiza, ya gaji da tuƙa bas tsakanin Arfa da Muzdalifa, ya ce zai sayi jirgi a Jidda ya riƙa fita da masu yawon shan iska, wa zai tambaya in ba ni ba?

Katamaran ake ce wa jirgin, kuma na hannu ne. Kamar dogayen kwale-kwale biyu aka jera, aka ɗora ɗaki a tsakani, ga doguwar sanda da ake ɗaga ƙyalle iska ta tura. Duk abin da Abdulkarim da matarsa suka tara a sayensa zai tafi, har da gwal ɗin Hadiza. Ita ce ta ce a nemo injiniya ya duba.

Na ce, "Injiniya? Ina raye?"

Ta ce, "Baba, ai ba raini ba ne."

Na ce raini ne mana. Ashe ta riga ta kira shi. Ni kuwa don a samu shaida, na gayyato maƙwabcina Malam Tanimu, wanda ya daɗe yana cewa tekun da na sani bai wuce na bahon wanki ba.

Mun iske jirgin fari tas. Mai shi ya tarbe mu da gahawa da dabino, ciki kuwa turaren wuta ya turnuƙe ko'ina, har ido na yaji. Na yaba. Na ce a Istanbul ma ban ga mai tsabtar jirgi haka ba. Abdulkarim ya raɗa mini, "Baba, ko mu fara da takardu? Hannu nawa ya bi, ko ya taɓa haɗari?" Na ce wannan aikin 'yan ofis ne, mu jirgi muka zo gani. Na ƙwanƙwasa bango da sandata, na jefa kalmomin Faransanci biyu, na girgiza kai irin na manya.

Muka sauka cikin ɓangaren hagu, na ɗaga wani allo a ƙasa. Ruwa kwance. Fuskar Abdulkarim ta canja.

Na ce ya kwantar da hankalinsa. A Bur Sudan tsofaffin matuƙa ba sa tambayar kowa, ɗanɗanawa suke yi. In gishiri ne, teku na shiga, ka gudu. In ba gishiri, ruwan sama ne ko na sha, ba komai. Na naɗe hannun riga, na durƙusa (gwiwoyina sun yi gargaɗi, ban saurara ba), na yi bismillah, na tsoma yatsa na kai baki. Ban gamsu ba. Na kamfata da tafin hannu, na kurɓa, na juya shi a baki kamar mai sayen zuma.

"Wannan ba ruwan teku ba ne," na ce. "Akwai wani ɗan ɗanɗano, amma na tsufan jirgi ne. Saya, Abdulkarim. Khalas, magana ta ƙare."

Mai jirgi ya kawar da kai. Na ɗauka kwarjini ne.

Sai ga injiniyan ya iso, wani Basudane mai suna Usman, ɗan Bur Sudan ɗin da nake tinƙaho da ita. Ya gaishe ni da ladabi, ya ciro 'yar guduma da tocila da wata na'urar auna damshi. Ya bi jikin jirgin taƙi-taƙi yana bugawa. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, sai a wani wuri ta ce bup. Ya zana da alli. Ya nemi takardu, ya gwada lambar da ke jiki da ta takarda, ya haska inda aka shafe wani tsohon suna da fenti. Bai yi awa biyu ba ya gano jirgin ya taɓa hawa duwatsun ƙarƙashin teku, inshora ta ce ya tashi aiki, aka liƙe aka fente aka sake masa suna. Na daure, na ce a raina ai maganar ruwan dai tana nan.

Ya zo kan allon. Ya haska, ya bi wani bututu da ido har bayan bango. Sannan ya sa hannu a jaka ya ciro safar hannu. Biyu ya sa, ɗaya kan ɗaya.

"Kada kowa ya taɓa ruwan nan," ya ce. "Tankin bayan gida ne ya tsage. Ya daɗe yana zuba."

Innalillahi. Wallahi na ji jirgin ya juya da ni, alhali a ɗaure yake. Ina jin Larabci, ina jin Faransanci, ina taɓa Turkanci, amma a lokacin ko Hausa ban samu ba. Abdulkarim, bawan Allah, ya ɗaga kai yana nazarin rufi kamar an rubuta wani abu a can.

Malam Tanimu ya yi gyaran murya. "Injiniya, taɓawa kaɗai ka hana, ko har da sha?"

"Sha? Wa zai sha?"

"Sau biyu," in ji Tanimu. "Da bismillah."

Usman ya dube ni, ya dubi hannun rigata a naɗe. Bai yi dariya ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce a hankali, "Ya Hajji, kakana ma haka yake yi. Amma jirginsa ba shi da bayan gida."

Gorar ruwa shida na ƙarar a bakin tashar, na tauna asawaki har ya zama igiya, na sake wanka kafin in yarda in yi azahar. Daga Jidda har Makka a mota, kafaɗun Tanimu nake gani suna rawa, yana danne dariya. Abdulkarim bai sayi jirgin ba, gwal ɗin Hadiza yana wuyanta. Da muka shiga gida ta dube ni ta ce, "Sannu, Baba. A kawo abinci, ko ka ƙoshi?"

Abin da na koya bai da yawa. Sanin da ka kwaso shekara arba'in da suka wuce, ka tambaya ko yana aiki har yanzu kafin ka durƙusa. In kuwa za a kira mai sana'a, bari ya riga ka shiga, ka tsaya a baya ka ga abin da yake sa wa safar hannu.