Rasuwar Tukunyar Shishar Lamba Tara

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika fal, ko da yake ba tasa zuciyar ba ce, tsoho mai wanki da guga yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar tukunyar shishar jikansa, wanda 'yan ƙwallo ke kira Lamba Tara. Ta rasu ranar Talata da hantsi, tana da shekara biyu a gidan.

Marigayiya ta ga gata. Kullum sai an wanke ta ciki da waje, an goge mata wuya da tsumma mai laushi, alhali tsohon da ya raini yaron nan tun rasuwar ubansa sai ya yi kira uku kafin a miƙo masa ruwan sha. Gawayin da ya fi kyau a buhu nata ne, dutsen guga sai dai ya yi haƙuri da gari. Maganarta ɗaya ce tak, gurgur-gurgur, amma samari shida za su kewaye ta suna saurare har la'asar. Tsoho na da labarin shekara saba'in a baki, ba wanda ya taɓa jawo kujera.

Ba ta yi jinya ba, mai ita ne ya yi. Yaron da ke gudun minti casa'in ba haki ya koma in ya ɗauki ƙullin wanki sai ya huta sau biyu kafin bakin titi. Ranar Litinin likita ya ɗaga hoton ƙirjinsa a gaban fitila, sannan ya rubuta magani, ya hana hayaƙi. Suna dawowa gida, ko takalmi yaron bai cire ba, ya wuce wurinta. Washegari dutsen guga ya suɓuce ya faɗa mata a ka, daga hannun da shekara arba'in bai taɓa yar da ko maɓalli ba. Tsautsayi ne, kuma tsoho ba ya son tambaya.

Ta bar tiyo ɗaya, da awartakin gawayi, da baƙin leɓe, da tarin da ke tashin gida kowace asuba. Mai ita kuwa tun ranar bai sake gaida kakansa ba.

Za a kai ta bola gobe da ƙarfe takwas cikin tsohon buhun gawayi, daga can sai asibiti. Masu zuwa jaje kada su riƙo komai. Duk wanda ya kawo ƙanwarta, dutsen guga na nan da zafinsa. Gaisuwar jikan kuwa tsoho ya yafe. Yaro ya yi ta fushi har shekara hamsin, in dai da numfashinsa zai yi.