Ranar da Allona Ya Daina Yin Baƙi

Ko da na so in manta da Larabar nan, ba zan taɓa iyawa ba. Yau wata biyu ke nan, amma har yanzu in na zauna gaban kwamfuta sai ta faɗo mini a rai.

Bayan na gama sakandare, Kawu Bala, ƙanen mahaifiyata, ya ɗauke ni aiki a shagonsa na kwamfuta a nan Ƙaura Namoda. Yana so ya buɗe ajin mata, ni in riƙa koyarwa. Da ƙyar Baba ya yarda, kuma da sharaɗi: in ban samo takardar shaidar horon koyar da kwamfuta ba, in dawo gida in zauna. Horon kuwa ta intanet ake yi, don babu mai son ɗiyarsa ta riƙa bin hanyar Zurmi ko ta Shinkafi kowane mako a halin rashin tsaron da ake ciki. Malama Rabi tana koyarwa daga Gusau, mu kuma kowa na garinsu. A cikinmu har da ƙawata Hindatu, wadda muka yi makaranta tare, tana shiga daga Zurmi.

Kwamfutocin Kawu tsofaffi ne, tsarin Linux na kyauta ya sa musu don ba ya son abin da sai an sayi lasisi. A darasi, Malama kan kira mutum ya nuna wa aji allonsa, ta ga aikin da ya yi. Ni kuwa duk ranar da na danna wajen nunawa, baƙi ƙirin suke gani.

"Ta Ƙaura, allonki baƙi ne. Mu wuce."

Ranar farko na damu. Rana ta biyu na ɗan damu. Daga nan kuwa (Allah Ya yafe mini) na fara jin daɗi. Gaskiyar magana ban gane darasin lissafin jadawali ba ko kaɗan, ga shi kuma an ba ni labule kyauta. Sati uku ina dannawa, ina cewa "Malama ga shi ina ƙoƙari," a gefe ina hira da Hindatu.

Da safiyar Larabar, Kawu ya tsaya a kaina yana goge tabarau.

"Malamarku ta kira ni jiya. Na gyara. A wajen shiga na zaɓa miki tsohon tsari, X11, na cire ki daga Wayland. Kin gane ko?"

"Na gane, Kawu."

Ban gane ba. Na ɗauka irin maganganunsa ne da yake yi da kwamfuta in tana ba shi haushi. Ya fita duba injin wuta, ni kuma na shiga darasi.

Da aka zo kaina na danna kamar kullum, na jira a ce mu wuce. Shiru. Na ce a raina sabis ne ya ɗauke wa Malama. Sai na buɗe hirarmu da Hindatu na fara rubutu hankali kwance:

"Ke turo min amsar ta uku. Wallahi tun da aka fara ban gane komi ba. Wagga Malama sai gudu take kamar ɗan kabu-kabu ya hango hadari."

Na tura. Har na ƙara da fuskar dariya guda uku (uku fa, ɗaya ba ta ishe ni ba).

Hindatu ta amsa da manyan baƙaƙe: "RUFE! RUFE!"

Na rubuta: "Mi zan rufe?"

Sai muryar Malama ta fito, a natse, kamar mai karanta sanarwa.

"Ta Ƙaura, amsar ta uku tana shafi na biyu. Ɗan kabu-kabu kuma zai rage gudu, in sha Allahu."

Wata daga Shinkafi ta kasa riƙe dariyarta. Ni kuwa kaina ya ɗauke. Maimakon in danna wajen tsayar da nunawa, sai na kai hannu na kashe gilashin kwamfutar. Ya yi baƙi, na sauke ajiyar zuciya, na dafe kai ina cewa da ƙarfi, "Innalillahi! Na shiga uku, Baba zai mayar da ni wankin tukwane!"

"Muna jin ki, ɗiyata," in ji Malama. "Kuma har yanzu muna ganin allon."

A haka Kawu ya shigo ya same ni, ina hawaye gaban gilashin da na kashe, aji guda na kallon abin da ni ba na gani. Shi ya kunna, ya fitar da ni daga darasin.

Bai yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ya jawo kujera ya yi mini bayanin da ya kamata in nema tun safe. Ya ce kwamfuta tana da abin da ke zana duk abin da ake gani a allo. Tsohon, X11, kamar tsakar gida ne: duk manhajar da ta shigo tana ganin kowa da komai. Sabon, Wayland, kowace manhaja da ɗakinta, wadda ke son leƙa na wata sai ta yi sallama an ba ta izini. Manhajar darasinmu tsohuwa ce, ba ta iya sallamar ba, shi ya sa take komawa da baƙin hoto.

"To ni na fito da ke tsakar gida don Malama ta gan ki," ya ce. "Ban san kina da baƙi a ɗaki ba."

Da la'asar na kira Malama na ba ta haƙuri. Ta ce ɗan kabu-kabun bai dame ta ba, har mijinta ta ba labari. Abin da ya dame ta shi ne sati uku ina zaune ban ce ban gane ba. Ba za ta ba ni takarda tare da sauran ba. Zan maimaita sati ukun, kuma kullum da allona za a yi misali.

Har magariba ina tunanin Baba. Kawu ne ya raka ni gida, ya zauna a zaure ya ce, "An ƙara mata sati uku, Yaya. Matsalar allo aka samu." Baba ya ce Allah Ya kyauta, ya ci gaba da sauraren rediyonsa. Ban taɓa jin gaskiyar da ta rufa mini asiri irin wannan ba.

Na maimaita, na samu takardar, ajin mata ya fara da mutum shida. Kawu ya sabunta manhajar ya mayar da mu Wayland, yanzu kafin a nuna komai sai ta tambaya: duka allon, ko taga ɗaya? Nakan karanta tambayar nan sau biyu, bakina na motsi, ɗalibaina na jira.

Abin da na koya? In babba ya ce "kin gane ko?", ƙarya mafi tsada ita ce "na gane". Gulmar malamai kuwa ban ce na daina ba. Sai dai yanzu ina bari sai Hindatu ta zo Ƙaura, mu zagaya bayan shago, nesa da duk abin da ke da waya a jikinsa.