Tafintan Kyauta a Shagon Jaka

Wani ne. Kada kowa ya tambayi sunansa, kuma in labarin nan ya fita waje, to ba a nan aka ji shi ba.

Shi dai mutumin nan a shagon surukinsa yake aiki. Surukin tsoho ne, jakar fata yake ɗinkawa tun kafin a haifi matar mutumin. An gwada shi a yanka, ya ɓata fata. An gwada shi a ɗinki, ya ɗinke bakin jaka ruf. Da tsoho ya rasa inda zai sa shi, sai ya zaunar da shi a lungun shago gaban kwamfuta, wai shi ne mai kula da shafinsu na intanet, inda suke sa hotunan jakunkuna. Manaja yake ce masa, kuma kowa ya san ba don girma ba ne. Ya gaya masa wannan ce ta ƙarshe. In ya ɓata nan ma, ya je ya nemi abin yi, 'yarsa da jikokinsa kuwa ba za su rasa abinci a gidansa ba. Mutumin ya gane sarai. Aiki zai tafi, mata ta bi bayan aiki.

Rannan tsoho ya kira shi. Ya ce ya ji wai mutanen wasu ƙasashe suna leƙa shafin, amma ba sa jin harshenmu, sai su kalli hoto su wuce. Ya ɗaga ƙasan keken ɗinki ya ciro kuɗi, ya ce ya je wurin mai gyaran kwamfuta a maƙala wa shafin tafinta. Na kuɗi, mai kyau, mai harshe biyar.

Mai gyara ya nuna masa iri biyu ne. Na kuɗi yana jin harshe biyar a lokaci guda, kowa ya shigo ya zaɓi nasa. Akwai kuma na kyauta. Da mutumin ya ji kalmar kyauta sai ya gyara zama.

Ya ce, "Na kyautan nan, ƙarya yake fassarawa?"

Mai gyara ya ce ba ƙarya yake yi ba, harshe ɗaya dai yake ɗauka, sannan yana liƙa tallan mutane a ƙasan shafi. Mutumin ya tambaya ko ana iya canza harshen. Aka ce ana iyawa, amma da hannu, sai mutum ya shiga ciki ya cire wannan ya sa wancan.

Ya ce, "To ai biyar ɗin ke nan, bi da bi. Sa min shi."

Mai gyara ya buɗe baki zai ƙara magana, mutumin ya ce sauri yake yi.

A hanyar komawa ya bi ta gaban masu sayar da kujeru. Ga wata baƙa can, mai juyawa, mai taya biyar. Ya ce bari ya ɗan zauna ya ji kawai. Ya juya dama, ya juya hagu. Kuɗin tafinta a nan suka tsaya.

Da tsoho ya gan shi yana turo kujera cikin shago, sai ya sauke tabarau ya tambaye shi wannan fa. Mutumin ya ce gyaran ciniki ne, duk wanda ya sayi tafintan kuɗi ana ɗora masa kujera. Tsoho ya ce shi shekara arba'in yana sayen zare wurin mutum ɗaya, ko allura ba a taɓa ɗora masa ba.

Ya ce, "Baba, ai zare ba ta intanet yake zuwa ba."

Tsoho ya koma kan keke.

Mutumin ya kunna kwamfuta. Ga rubutu nan a ƙasan shafi ɓaro-ɓaro, wai wannan tafintan kyauta ne, ga kuma wasu hotuna suna ta motsi a gefensa. Ko tsayawa kallonsu bai yi ba. Ya yago baƙin salatif ya liƙe ƙasan allon daga wannan gefe zuwa wancan. Ya ja baya ya duba. Babu komai. A zuciyarsa, tunda shi ba ya gani, duniya ma ba ta gani. Ya gaya wa tsoho allon ne ya fara tsagewa. Shi kuwa tsoho wayarsa 'yar ƙarama ce mai madanni, ba ta shiga ko'ina, ina zai duba.

Sai tsoho ya ce yana son ya ga harsunan biyar da idonsa. Mutumin ya nuna masa Turanci. Tsoho ya ce saura huɗu. Mutumin ya tare allon da jikinsa. Ya ce tafintan kuɗi ba ya son a tsaya masa a ka, in zai canza harshe sai an kau da ido. Haka tsoho ya juya ya fuskanci bango a cikin shagonsa, kamar ɗan makarantar da bai yi aikin gida ba. Mutumin ya shiga ya cire ya sa. Tsoho ya juyo ya ga Faransanci. Ya sake juyawa. Sau huɗu ana haka. A na ƙarshe ya ce wuyansa ya riƙe, ya yarda, amma wannan tafinta akwai jin kai.

Daga nan mutumin ya tsara wa kansa ranaku, don kada wani harshe ya ce an danne shi. Litinin Faransanci. Talata Larabci. Laraba Turanci. Alhamis Turkanci. Juma'a Sinanci. Asabar da Lahadi tafinta ya huta. Kullum da safe kafin ya wanke fuska sai ya tambayi matarsa yau wace rana. In ta ce Talata, sai ya ce Larabci, ya tashi. In ta ce Alhamis, ya ce Turkanci. Matar ta fara kallonsa ta gefen ido. Har ta tambayi yayarta a ɓoye ko zama gaban kwamfuta yana taɓa kai.

Wata ranar Juma'a ya sa Sinanci, hannunsa ya zame ya danna wani wuri. Sai komai ya koma Sinanci, har da wurin da ake shiga a canza. Ya duba sama, ya duba ƙasa, duk ƙananan zane kamar an zubar da ashana. Ya danna wannan, jakunkuna suka juya kai ƙasa. Ya danna wancan, suka ɓace gaba ɗaya. Wurin mai gyara kuma ba ya son komawa, don mai gyara yakan gaisa da tsoho a hanya, kuma bakinsa ba ya riƙe magana. Kwana uku yana dannawa ɗaya bayan ɗaya kafin ya dace komai ya dawo daidai. Da tsoho ya tambayi me ya sa shafin ya daɗe a haka, sai ya ce mutanen can suna da yawa, dole a ba su lokaci su gama shigowa.

Ana cikin haka wata mata mai kanti a wata ƙasa ta shigo ranar Litinin. Ta ga Faransanci, ta ji daɗi, ta fara zaɓen jakunkuna masu yawa, irin cinikin da tsoho bai taɓa yi ba. Ba ta gama ba, ta bari sai gobe. Da ta dawo ta tarar da Larabci. Ta dawo jibi ta tarar da Turanci. Ta turo saƙo mai tsawo. Shi kuwa na kyauta ba ya fassara saƙo, shafi kawai ya sani. Mutumin ya zura wa saƙon ido, bai gane ko harafi ba. Sai ya tura mata hoton babban yatsa a ɗage. Ta turo wani, ya fi na farko tsawo, duk da manyan baƙaƙe. Ya tura mata yatsa biyu. Ta turo gajere, kalma uku. Ya ce a ransa to ta fara sakin jiki, ya ƙara mata da hoton fure. Daga nan ba a sake jin ta ba.

Tsoho kuwa kullum tambaya yake, ina mutanen ƙasashen. Ya riga ya sayi fata ya tara, ya ɗinka jakunkuna har sun cika kanta sun sauko ƙasa. Mutumin ya ce suna hanya, ƙasashen ne da nisa.

Rannan da hantsi sai ga maƙwabcinsu ya shigo. Shi ma jaka yake ɗinkawa, shagonsa na kallon nasu, kuma shi da tsoho gaisuwa kawai ke haɗa su. Ya shigo da lemo kwali guda a kafaɗa, fuska cike da fara'a. Ya ajiye gaban tsoho ya ce ya zo godiya ne.

Tsoho ya ce, "Godiyar me?"

Maƙwabci ya ce ai shi ya sa tafintan kuɗi a nasa shafin, ya kuma biya a riƙa yi masa talla a intanet. Masu tallan sun nuna masa inda masu saye suke fitowa, kusan duk daga shafin tsoho ne. Mutum zai shigo ya ga jaka mai kyau, ya rasa gane rubutun, sai ya duba ƙasa ya ga tallansa da harshen da yake ji. Har wata mai kanti ta kwashe masa kaya kaf, ta ce a can wani mahaukaci ne yake ta ɗaga mata yatsa. Ya ce shi bai taɓa ganin maƙwabtaka irin wannan ba, Allah ya bar zumunci.

Mutumin yana lungu yana ji. Ya so ya sulale ta bayan kanta, tayar kujera ta yi ƙara.

Tsoho ya raka maƙwabci bakin ƙofa, ya yi masa godiyar lemo. Ya dawo a hankali. Ya tsaya gaban kwamfuta, ya sa farce ya kama bakin salatif, ya ja shi har ƙarshe. Ga rubutun kyauta nan. Ga kuma maƙwabci a gefe, rungume da jaka, yana murmushi yana ɗaga hannu.

Tsoho ya juyo. Mutumin ya sauko ya durƙusa. Ya fara rantsuwa, ya fara kawo maganar yara, ya ce ƙaramin ma ba a yaye shi ba tukuna, in aka raba shi da aikin nan ina zai sa kansa. Tsoho ya bar shi ya gama. Sannan ya ce ba zai kore shi ba, albarkacin jikokinsa. Mutumin ya fara jero godiya, tsoho ya ɗaga masa hannu.

Ya ce, "Tsaya, Manaja. Ma'aikaci ma iri biyu ne, akwai na kuɗi, akwai na kyauta. Na ga ka fi yarda da na kyauta. To daga yau kai ma shi ne. Babu albashi."

Mutumin ya ɗago kai. Ya kalli allo, ya kalli shagon da ke tsallaken titi.

Ya ce, "Na yarda, Baba. Amma dai ka ga yadda na kyauta yake aiki. Zama a nan, talla wa maƙwabci."