Mai Hoto a Gonar Ƙuduji

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da yammacin da na tara wa kaina jama'a a bakin gona ba. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Lokacin ban daɗe da aure ba, kuma ba ni da gonar kaina. Sai kawuna, Kawu Idi, ya ba ni aron wata gonarsa da ke kan hanyar Safo. Sharaɗi ɗaya ya kafa mini: in kai mata taki da rani, don ta gaji. Na ce, "Kawu, ai ko ba ka hwaɗi ba." Rani ya zo ya wuce ina bakin tabkin Madarumfa wajen masunta, ina taya su hira da cin gasasshen kifi (hira kawai, ban taɓa taya kowa jan koma ba). Ko sau ɗaya amalanken taki bai taka gonar nan ba. Da Kawu ya tambaya na ce an kai, har na ƙara da cewa jakin ya rame don wahala.

To, ita ƙasa ba a yi mata ƙarya. Hatsi na fara fitar da kai, ƙuduji ya rufe gonar ruf. Wanda bai taɓa noma ba, bari in gaya masa: ƙuduji wani haki ne da ke kama saiwar hatsi ya tsotse, gonar da ta gaji yake so, kuma furensa ja-ja ne mai ruwan hoda, kyakkyawa kamar atamfar amarya. Manomi in ya gan shi gabansa faɗuwa yake yi. Abin da ya rufa mini asiri shi ne gonar na bayan wani tudu, ba a hango ta daga hanya, Kawu kuma ciwon gwiwa ya hana shi tafiya mai nisa. Dabarata in girbe ɗan abin da ya samu, in ɗora wa ruwan sama laifi. Mutum ɗaya nake tsoro, Sale ɗan Kawu, wanda na san ransa na kan gonar tun kafin a ba ni.

Wata rana da yamma ina dawowa, sai na ga moto, wato babur, jingine a gindin gawo. Na hau tudu, sai ga wani mutum da wando da 'yar riga, ya durƙusa tsakiyar ƙudujina, ya kafa kamara a ido. Ya ɗauka, ya matsa, ya kwanta rub da ciki, ya sake ɗauka. Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, shi kuma sai duban ta yake yi yana duban gonar. Na laɓe bayan sabara ina kallo. A zamanin hoto ba abin wasa ba ne, sai an sayi fim, an ɗauka, an kai Maraɗi an wanke. Wane mai hankali ne zai ƙona fim a kan haki in ba aiko shi aka yi ba?

Na koma gida na gaya wa matata Hadiza.

"Ƙila mutanen porje ne, masu aikin taimakon manoma," in ji ta, tana tankaɗe ko ɗago kai ba ta yi ba. "Ko ka tambaye shi?"

"In tambaye shi mi? Sale ne ya turo shi. Hoton za a kai ma Kawu, tunda shi ba ya iya zuwa."

"Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as," ta ce. Na yi kamar ban ji ba.

Daga nan komai na gani sai ya zama shaida. Sale ya gaishe ni a masallaci da fara'a, na ce dariyar mugunta ce. Washegari ya wuce bai gan ni ba, na ce kunya ce ta kama shi. Na ji an ce ya je kasuwar Ɗan Issa, na ce can suka haɗu da mai hoton. Mutumin kuwa bai fasa zuwa ba, kullum daidai faɗuwar rana, lokacin da manoma ke komawa gida. Na ce wannan ma dabara ce, mai gaskiya ai da hantsi yake zuwa gonar mutane.

Sai na yanke shawara in ƙwace fim ɗin kafin ya bar garin. Amma mutumin ƙato ne, ni kuwa (Allah ya sani) ƙarfina a baki yake. Don haka na je bakin tabki na nemi abokaina masunta su raka ni. Ba zan iya gaya musu gaskiyar abin da nake ɓoyewa ba, sai na ce wani baƙo ne ke auna gonar Kawu Idi, da alama sayar da ita za a yi a ɓoye. Ban yi tunanin cewa magana irin wannan ƙafa gare ta ba.

Muka same shi a durƙushe kamar kullum. Na yi tsalle na cafke igiyar kamarar ina ihu, "Wa ya aiko ka? Hwaɗi gaskiya!" Ya riƙe, na ja, ya ja. Masu dawowa daga gona suka ji hayaniya suka hauro tudu da hauyoyin nomansu a kafaɗa. Mata masu itace suka sauke kaya. Kafin ka ce kwabo, gonar da na yi damina guda ina addu'ar kada kowa ya gani ta cika da mutane. Ina cikin kumfar baki sai na ji ƙarar amalanke. Ashe wani ya garzaya ya gaya wa Kawu ana sayar masa da gona, shi ne ya sa Sale ya ɗora shi a amalanke da gwiwar tasa da komai.

Kawu bai dube ni ba. Mai hoton ya duba, ya ce, "Malam, lahiya? Wa ya sa ka auna mani gona?"

Mutumin ya gyara rigarsa, ya durƙusa ya gaishe shi. Ya ce shagon hoto gare shi a Maraɗi, yana neman hoton furanni da faɗuwar rana ne ya rataya a bango don jan masu zuwa. Sale kuwa, mutumin ya rantse bai taɓa ganin sa ba sai yau.

Mai hoton ya ƙara da cewa, "Baba, a yi mani aikin gahwara, da na san mai gonar da na nemi izini. Na yi yawo da moto tun daga Safo har bakin iyaka ina neman ƙuduji. Wasu gonakin ɗan tsilli-tsilli ne. Amma wagga," ya buɗe hannuwa yana murmushi, da zuciya ɗaya, "wallahi duk ƙasar ga ban ga wadda ta kama ƙahwarta ba. Hatsin ma bai tare mani komi ba."

Wani ya fara tari, wani ya ƙyalƙyale, sai wurin ya ɗauka gaba ɗaya. Abokaina masunta, waɗanda na ci kifinsu rani guda, su suka fi kowa riƙe ciki. Ni kuwa ina tsaye da igiyar kamara a hannu, na rasa ko in saki ko in ci gaba da riƙewa. Sai a lokacin Kawu ya juya ya bi gonar da ido tun daga wannan kunya har waccan. Rana ta sauka a kan furannin sun yi wani irin haske, kuma in faɗi gaskiya, abin ya yi kyau.

"Ɗana," ya ce a hankali, "jakin da ya rame wajen kai taki, ya warke?"

Na so ƙasa ta tsage in shige, amma ita ma ta gaji.

Bayan girbi Kawu ya karɓe gonarsa ya ba Sale, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Har gida ya zo yana ba ni haƙuri, abin da ya fi komai ƙona mini rai.

Da aka jima na shiga Maraɗi yin hoton katin ɗan ƙasa, ƙafa ta kai ni wani shago. Ina ɗaga kai sai ga gonar a bango, an ƙara mata girma, an sa ta a gilashi. Wani dattijo da ke jiran layi ya daɗe yana kallon ta, sannan ya taɓo ni.

"Kai yaro, dubi ikon Allah. Ko gonar wane rago ce wagga?"

Na gyara hula na ce, "Wallahi Baba, Allah dai ya shirye shi."

Tun daga ranar na koyi abu ɗaya: in kana da abin ɓoyewa, ka bar zargin mutane ya tsaya a cikinka. Ni ba wanda ya tona mini asiri, da bakina na yi gayyar masu kallo.