Yadda Za Ka Naɗa Babban Suwic Sarkin Agogon Ofis Don Ka Daina Makara

Sannu, ɗan'uwa mai kula da kwamfutocin ofis. Na san halin da kake ciki. Manaja ya ce makara ɗaya ta rage maka: in na'urar dangwala yatsa ta sake nuna ka zo a makare, ka naɗe kebul ɗinka ka ƙara gaba. Kai kuma barcin safe ya fi maka komai daɗi a duniya. Share hawayenka! Bi waɗannan matakai, na yi maka alkawari kai da makara har abada, kuma ba za ka rage barcinka ko na ƙiftawar ido ba.

Mataki na 1: San arzikin da kake zaune a kai

Shiga ɗan ɗakin nan mai sanyi inda kake ɓoye lemonka. Dubi babban suwic, akwatin ƙarfen nan mai fitilu wanda duk wani kebul na ofis ke komawa gare shi. Kwamfutoci, firinta, kyamarori, ƙofar kati (wadda sai da kati take buɗewa), na'urar yatsa, duk ta cikinsa suke gaisawa. Amma in suna son sanin ƙarfe nawa, intanet suke tambaya. Abin kunya! Ga babba a gida, yara suna fita tambayar maƙwabta.

Mataki na 2: Sayar wa Manaja da dabarar

Same shi bayan ya ci abinci. Ɓata fuska kamar mai kawo labarin rasuwa.

"Yallaɓai, agogon firinta daban, na kyamara daban. In ɓarawo ya shigo, kyamara za ta ce da safe ne, ƙofa ta ce da rana. Da wanne za mu je wa 'yan sanda?"

"Subhanallahi! To, mene ne abin yi?"

"A bar suwic ya riƙa raba wa kowa lokaci, yallaɓai. Baki ɗaya, magana ɗaya."

Zai dafa kafaɗarka ya ce ashe kana da kai. Kada ka yi dariya sai ka fita.

Mataki na 3: Yi naɗin

Bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta musu adireshin suwic a matsayin wurin tambayar lokaci. Sannan ka yanke wa shi suwic ɗin hulɗa da agogon waje. Daga yau duk ofis na tambayar suwic, suwic kuma kai yake tambaya. Tsaya ka ɗan taka rawa, ɗakin ba kowa.

Mataki na 4: Ja agogo baya, amma da ladabi

Kada ka yi haɗama. Yau ɗan kaɗan, jibi ɗan kaɗan, kamar mai tsakurar nama a tukunya. Kafin wata ya ƙare za ka shigo rana ta take, ka dangwala yatsa, na'ura ta yi ƙara ta ce ka zo da wuri. Wayyo daɗi! Masana sun tabbatar lokaci ra'ayi ne kawai, kuma ra'ayin mai riƙe da kebul ya fi ƙarfi.

Mataki na 5: Yi maganin masu gardama

Da safe ba mai musu, kowa na jin daɗin ganin kansa cikin masu sammako. Da yamma ne rigima. Hajiya Akanta za ta leƙo da jaka a kafaɗa.

"Kai ɗan nan, rana ta kusa faɗuwa, kwamfuta ta ce wai da saura. Wayata kuma ta ce tuni an tashi."

"Hajiya, lokacin waya daga nesa yake tahowa, yana shan iska a hanya. Namu kuwa sabo ne fil, a nan ɗakin ake yin sa."

Za ta harare ka ta koma kujera. Manaja kuwa, ganin ma'aikata na kaiwa almuru a kan tebur, sai ya fara yi maka murmushi a baranda.

Mataki na 6: Kau da kai daga ƙaramar magana

Wani mai baƙin ciki zai gaya maka irin wannan suwic ba shi da batirin agogo, da zarar wuta ta ɗauke sai ya manta komai. Rabu da shi. Hassada ce.

Mataki na 7: Yi barcinka

Ranar da wuta ta ɗauke ta daɗe, kai kana gida kana minshari. Da wuta ta dawo, suwic zai farka ya ɗauka yau aka ƙera shi, shekaru aru-aru baya, ya sanar da duk talakawansa. Ƙofar kati za ta duba ta ga ba a ma haifi katin kowa ba, ta ƙi buɗewa.

Za ka iso kana fito, ka tarar da ma'aikata duka a tsaye cikin rana, kowa da waya a hannu. Makullin ƙofar baya kuwa, guda ɗaya tak, a aljihunka yake. Baba Maigadi zai taho da sauri.

"Yaro, ina ka shige? Tun safe yallaɓai ke cewa a nemo mai lokaci."

Gaishe da kowa da fara'a. Sannan ka zaga ka buɗe ƙofar baya.

Mataki na 8: Nuna ƙwarewa

Manaja zai bi ka har ɗakin sanyi, ya tsaya a bayanka kana jin numfashinsa. Zai ɗora wayarsa kusa da hannunka.

"Ga lokacin duniya. Sa mana shi."

Sa shi daidai. Fitilu za su yi ƙyalƙyali, ƙofa ta buɗe, mutane su yi tafi. Sai ya kama hannunka a hankali, ya kai ka gaban na'urar yatsa.

"Bismillah. Kai ka gyara ta, kai ya kamata ka fara dangwalawa."

Dangwala, na'ura ta yi ƙara ta ce ka makara. Na gaya maka tun farko ba za ka sake makara a wannan ofis ba, kuma ga shi na cika alkawari.

Sanarwa: Marubucin ba ya ɗaukar alhakin kora, hararar Hajiya Akanta, ko bayanin da za ka yi wa maman yara in ta gan ka a gida da hantsi. Ban san ka ba, ban taɓa ganin suwic ɗinku ba. In kuma dole sai ka zo ƙorafi, ka zo a kan lokaci.