Burahima da Koren Rago

"Ni nan da kuke gani, aji ɗaya sau goma sha tara na yi shi. Yara sau ɗaya suke yi su wuce, wai su ne masu ilimi."

Da wannan Burahima yake buɗe majalisa kullum a ƙofar gidansa a Gure, a shekarun nan da dimokuraɗiyya ta shigo kowa ya sami bakin magana. Kuma kar ka ce ƙarya ce zalla. Aikinsa a wata lakwal, wato makarantar boko, ta manyan yara yake: shi ne shara, shi ne kai takarda, shi ne buga ƙarfen tashi. Idan ya gama shara sai ya dogara tsintsiya a bayan taga yana satar ji. Mutanen unguwa suka laƙaba masa Shehun Bayan Taga, shi kuwa gogan naka ya ɗauka yabo ne, har amsawa yake da "na'am".

Darasin da ya fi shiga ransa shi ne na Mushe Sahabi, wani siririn malamin kimiyya da aka turo daga Maraɗi; Mushe ake ce wa malamin lakwal a can. Mushe ya ce jikin duk wani mai rai da ƙananan ɗakuna aka gina shi, ido ba ya ganin su, kuma a cikin kowane ɗaki akwai ma'aikata. Akwai masu haɗa kitse. Akwai masu wanke guba, waɗanda suka fi yawa a hanta. Akwai kuma wasu koraye da ke dafa abinci da hasken rana da ruwa da iska, ba itace ba tukunya. A ƙarshen awa ne Mushe yake ƙarawa da cewa korayen nan a jikin tsiro suke, dabba ba ta da su. To a daidai nan ne Burahima yake barin taga ya tafi buga ƙarfe. Shekara goma sha tara, malamai sun zo sun wuce, wannan jimla ɗaya ba ta taɓa shiga kunnensa ba.

Ana nan sai 'yarsa Habsu ta dawo gida haihuwar fari, cikinta wata takwas. Mijinta Alhasan, ɗan makiyayan Alakos, ya je kasuwar Gidigir ya zaɓo farin rago na suna, ya kawo shi gidan surukai da damman harawa da buhun dusa. Ya durƙusa ya ce a taimaka a kula masa da shi, don ranar suna mahaifinsa da baffanninsa za su zo, mutanen da in sun kalli wutsiyar rago za su gaya maka abin da ya ci shekaranjiya.

Burahima ya dubi harawar ya yi dariyar tausayi. Bayan tafiyar yaron ya gaya wa matarsa Yakura cewa kiwon jahiliyya ya ƙare a gidan nan. Rana ga ta kyauta a Gure har ta yi yawa, abin da ragon ya rasa kore ne kawai. Ya sa ta daka masa zogale turmi guda, ya kwaɓa, ya shafe ragon tun daga ƙaho har kofato, ya ɗaure shi a tsakar gida inda ba inuwa.

Yakura ta ce, "Malam, ragon mutane ne fa."

"Mutanen ma za su zo su koya," in ji shi.

Ita Yakura ba mai jayayya ba ce, shekara talatin ta san kayanta. Da zarar ya fita aiki sai ta ja ragon inuwa, ta zuba masa harawa da dusa da ɗan kanwa, kafin ya dawo ta share wurin tas. Kwana goma rago ya murje. Wayyo, ina ma ba ta yi ba! Burahima ya shafa gadon bayan rago, kansa ya kumbura ya fi ragon. Ya ce irin wannan abu ba a ɓoye shi a cikin gida. Ya kafa turke a ƙofar gida, a filin da ake hango shi daga lakwal, ya kulle ɗakin harawa, ya jefa makulli a aljihu.

Daga nan fa lissafi ya fara kwancewa. Ranar farko awakin unguwa suka ji ƙanshin zogale, suka yi wa ragon zobe suka lashe shi fes. Washegari ya sake shafawa, ragon ya riga awakin, ya lanƙwasa wuya ya cinye kimiyyar da kansa iyakar inda bakinsa ya kai. Kwana biyar haƙarƙari suka fito, kana iya ƙirga su daga shagon tela.

Aka tambayi Shehun Bayan Taga ina ƙibar. Ya ce ai masu haɗa kitsen ne suka manta aikinsu, sai an nuna musu samfur. Ya ɗauko kwalbar man gyaɗan Yakura, ya sa aka danne rago, ya ɗura masa rabi. Abin da ya biyo baya ba na faɗa a gaban mai cin abinci ba ne. Iyaka dai majalisa ta koma ƙofar gidan maƙwabci, ta zauna can kwana uku.

Mai hankali da nan ya tsaya. Burahima kuwa ya ce laifin awaki ne, kore mai tsayawa ake bukata. Ya tuna da ragowar fentin mai da aka shafa wa tagogin lakwal, kore shar. Ya kwaso gwangwanin, ya yi wa rago fenti hannu biyu, har da gyara gefen kunne kamar mai aikin kwangila. Awaki suka shinshina suka watse. Ragon da yunwa ta ci ƙarfinsa ya lasa, ya sake lasa, kafin la'asar ya kwanta yana kumfa.

Yakura ta fito har ƙofar gida, abin da ba ta saba ba, ranta a ɓace, tana cewa ya kashe ragon jikanta tun ba a haife shi ba. Habsu na ciki tana kuka don kunyar dangin miji. Mutane suka taru. Burahima ya ɗaga hannu ya ce kowa ya kwantar da hankali, ai masu wanke guba suna nan a hanta, yanzu haka sun naɗe hannun riga.

Daidai nan Mushe Sahabi ya iso a kan kekensa. Ya dubi rago, ya dubi gwangwani, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Cikin ladabi ya ce, "Baba Burahima, dabba ba ta cin hasken rana, ko an mata fenti. Hanta kuwa gaskiya tana wanki, amma ba a jibga mata wankin gari guda rana ɗaya."

Ka ga, da a keɓe ya faɗa masa, da wataƙila ya ji. Amma a gaban majalisa? Yaron da aka haifa jiya? Burahima ya ji kamar an mare shi. Ya ce shi ya riga Mushe shiga ajin nan da shekara goma sha shida. Ya tsoma yatsa biyu a gwangwani ya suɗe, ya ƙara, ya bi da ragowar man gyaɗa don ya wuce. Sannan ya tuɓe riga, ya shafa koren a ƙirji da sanƙo, ya zauna kusa da rago, ya rantse shi da tuwo sai bayan suna.

Bai kai kiran magariba ba. Cikinsa ya fara ƙugi kamar tsohuwar motar Damagaram a kan tudun yashi, idanunsa suka juye, ya bi ragon ƙasa. A amalanken jaki aka kai shi likita, kore har wuya, rabin gari na biye. Yakura ta laluba aljihun rigar da ya tuɓe ta zare makulli. Kwanansa biyu ana masa ƙarin ruwa, a cikinsu Habsu ta haifi ɗa namiji.

Ragon ya tashi, albarkacin madara da dusar Yakura. Amma fentin mai ba ya jin sabulu. Sai wanzami aka kira ya aske shi ƙwal. Ranar suna da safe aka fito da shi gaban baƙi: ba gashi, ba kitse, kunnuwa kore, yana tafiya iska na gyara masa hanya. Alhasan ya sunkuyar da kai, don ba a yi wa suruki magana. Baffanninsa suka kalli wutsiyar ragon, suka kalli juna. Liman ya zagaya dabbar sau biyu, ya tambaya a hankali ko akwai wani.

Akwai kuwa. Mahaifin Alhasan ya yi wa ƙanensa ishara, aka jawo wani ƙosasshen rago daga bayan zana. Ya ce tun ranar kasuwar Gidigir da ta wuce labari ya iske su, don haka suka taho da shiri. Ya ƙara da cewa wancan sun bar wa Malam, ya ci gaba da karatu a kansa.

Kai ka ce Burahima zai nutse a ƙasa. Ina! Ya gyara hula a kan sanƙon da har yanzu da sauran kore, ya hango Mushe Sahabi a cikin taro, ya ɗaga murya.

"Mushe, tsakaninka da Allah, ka gaya musu. Na sha guba ko ban sha ba? Ga ni tsaye. Hanta ta wanke ko ba ta wanke ba?"

Mushe ya ajiye goron da ke hannunsa ya ce, "Ta wanke, Baba. Shekara goma sha tara kana bayan taga, duk jikinka ita kaɗai ce ta gane karatun."